Mu Huɗu Ne

Ranar da aka sayar da gidan da Auta take haya, ba wanda ya zo ya gaya mata. Dawowa ta yi daga aiki ta tarar da wasu maza biyu suna auna bango, ɗaya yana faɗi ɗaya yana rubutawa, ko sallamarta ba su amsa da kyau ba. Mahaifinta yana zaune a kujerarsa ta ƙofar gida kamar kullum, shi ya ba ta labari da ɓarin bakinsa mai motsi. Sabon mai gida zai rushe ya gina shaguna, an ba su zuwa ƙarshen wata mai kamawa su kwashe.

Auta ake ce mata don ita ce ƙarama a ɗakinsu, ko da yake yanzu tana da 'ya'ya mata biyu, furfura ma ta fara leƙo mata. Tana aiki a wani shagon buga takardu, ɗan ƙaramin wuri mai injin kwafi ɗaya da ke zafi kamar dutsen guga, da fanka mai jefar da takardun mutane ƙasa. Mijinta direban babbar motar siminti ne, ya fi kwana a hanya a kan gida. Baba ya dawo hannunta tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana da 'ya'ya maza biyu a raye, da ƙoshin lafiyarsu, amma kowa ya san yadda ake irin wannan rabon. Ɗaya ya ce ɗakinsa guda ne, ɗayan ya ce matarsa tana fama da ciwon baya, nan take aka gano cewa ai 'ya mace ta fi tausayi.

Baba mai aski ne a zamaninsa. Shekara da shekaru yana riƙe da kawunan mutane yana zuba musu labari, kuma ciwon da ya karɓe masa hannu da ƙafa bai iya karɓe masa surutu ba. Da safe Auta za ta yi masa wanka, ita da babbar 'yarta su rirriƙe shi zuwa kujerar ƙofa, nan zai wuni. Duk wanda ya gifta sai ya tanka masa. In ya ga saurayi da sabon aski sai ya yafito shi ya tambaye shi wane maƙiyinsa ne ya yi masa wannan aika-aika. Mutane sukan tsaya musamman don su sha tsiyarsa, wani ya bar masa lemo, wani ya gyara masa matashi. Likita ya taɓa gaya wa Auta cewa zaman ƙofar nan ya fi masa rabin magungunan da take saya.

Neman gidan haya aiki ne da ba a biyan mai yinsa, shi ne ma yake biya. Kowane dillali sai an ba shi kuɗin gani kafin ya ɗaga ƙafa, a kuma biya masa mota, ya kai mutum ya nuna masa wurin da ko akuya aka ɗaure a ciki sai ta yi ƙara. An kai Auta wani ɗaki a ƙarƙashin matakala, inda duk wanda ya hau bene sai ƙura ta zubo. An kai ta wani da aka shafe da sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu kawai, ta kankare da farce ta ga layin da ruwa ya tsaya a daminar bara. An kai ta wani mai kyau, mai iska, a hawa na uku, ta tsaya a ƙasa ta kalli matakalar ta tuna nauyin Baba, ba ta ma hau ba. Kuɗin ganin dai ya riga ya tafi.

Ga farashi kamar ana fushi da mutane. Ɗaki biyu da falo a unguwar da ruwan famfo ke zuwa, kuɗin shekararsa ya kai albashin Auta na wata goma. In aka matsa bayan gari ya sauko zuwa na wata shida, sai dai abin da aka rage a haya mota ce za ta cinye shi. Kuma ba a karɓar wata-wata, shekara ake so a dunƙule, wasu ma biyu. A kan wannan dillali zai ɗora kashi gomansa, a ɗora kuɗin takardar yarjejeniya, a ɗora kuɗin ajiya saboda ɓarnar da mutum bai riga ya yi ba. Auta ta sayar da 'yan kunnenta da keken ɗinkin da ta gada, mijinta ya ci bashin albashi a wurin aiki. Da aka haɗa, kuɗin ya isa gida ɗaya tak, ba ya ɗaukar kuskure.

Sau biyu tana samun wurin da ya dace, a ƙasa, da banɗaki a ciki. Sau biyun kuma ta faɗi gaskiya, ta ce tana da mahaifi mara lafiya. Mai gida na farko bai ɓata lokaci ba, ya ce gidansa ba asibiti ba ne. Na biyun mutumin kirki ne, ya yi wa Baba addu'a mai tsawo, ya ce ta dawo jibi. Da ta dawo aka ce ai wani ɗan'uwansa ya kama. Bayan mako ta wuce ta layin ta ga allon haya yana nan rataye a ƙofa. Ranar ta yi kuka a cikin mota, ba ta damu da masu kallonta ba.

A wannan hali aka haɗa ta da wani dillali da ake yi wa laƙabi da Ba-Matsala, don ko gobara aka ce masa ta tashi amsarsa ke nan. Ofishinsa benci ne a ƙarƙashin rumfar mai cajin waya, da tarin makullai a igiya da wayoyi uku, biyu ba sa aiki. Yana da doka ɗaya, irin ta duk 'yan sana'arsa: mai nema ba ya ganin mai gida sai kuɗi ya shiga hannu. In suka haɗu tun da wuri suka fahimci juna, wa zai tuna da kamashon dillali? Don haka duk abin da mai gida yake so daga bakinsa ake ji, duk abin da mai haya yake roƙo ta bakinsa yake wucewa. Shi ne ƙofa, shi ne kuma makulli.

Ya kai ta wani sashe a bayan gidan wata Hajiya, gida ɗaya, get ɗaya. Ɗaki biyu ne da falo, a ƙasa, banɗaki a ciki, tsakar gida shafe da siminti, ga bishiyar gwaba, ga igiyoyin shanya. Hajiya ba ta nan, ba shakka ya san lokacin da ya zaɓa. Auta ta buɗe famfo ruwa ya zubo. Ta kalli inuwar gwabar, a ranta har ta ajiye kujerar Baba a wurin. Kuɗin ya ɗan haura abin da ke hannunta, amma Ba-Matsala ya ce zai yi magana a sassauta kuɗin ajiya. Suna fitowa ya tambaye ta su nawa ne. Ta ce biyar, ta lissafa masa, ta ƙare da Baba. Ya tsaya da kaɗa makullansa.

"Ku huɗu ne," ya ce.

"Biyar muke."

"'Yar'uwa, ki saurare ni. Hajiya ba ta son tsoho mara lafiya. Wani ya taɓa mutu mata a sashen nan, ya shekara ba wanda ya kama. Kika ce biyar, wallahi ko gaisuwarki ba za ta amsa ba. Ku huɗu ne. In kun shiga kun shiga, wa ke bin mutane ɗaki yana ƙirga su?"

Ba ta yi masa musu ba, don abin da ya faɗa ta riga ta ji shi sau biyu daga bakin masu gida da kansu. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi. Ga wa'adi ya matso, masu awo har sun fara sauke yashi a ƙofar tsohon gida. Ta kira mijinta, yana kan hanya, injin mota yana cinye rabin maganarsa. Abin da ta iya ji shi ne ta yi yadda ta gani. Haka maza suke cewa in suna so laifi ya zama na wani.

Baba ta fi jin nauyin gaya wa. Ta yi ta kewaye-kewaye tana ba shi abinci, shi kuwa ya riga ya gane. Ya yi dariya har abinci ya zubo ta ɓarin bakinsa, ya ce to a nemo kwali babba a rubuta kayan fashewa a jiki. Ya ce kada ta damu, shi da ya yi shekaru yana rufa wa masu sanƙo asiri ba zai kasa rufa nasa ba. Ita ma ta yi dariya, don ta ga yana so ta yi.

Ranar biyan kuɗi ta fara ganin Hajiya. Doguwar mace ce mai tabarau, tsohuwar ma'aikaciyar banki, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse. Ta ƙirga kuɗin ba ta ko motsa leɓe. Ta karanto dokokinta: ba a barin get a buɗe, ba a barin famfo yana ɗiga, ba a kiɗa. Sannan ta tambaya su nawa ne. Kafin Auta ta buɗe baki Ba-Matsala ya ce huɗu, mata da miji da yara biyu masu ladabi. Hajiya ta kalle ta ta saman tabarau, Auta ta sunkuyar da kai ta sa hannu a takarda. Dillali ya karɓi kashi gomansa a bakin get ya yi mata fatan alheri.

Sun tare ranar da Hajiya ta tafi karɓar fansho. Mijin Auta ya aro ƙaramar mota ya shigo da ita da baya har bakin ƙofarsu. Aka fara shigar da katifa, sannan ya goya Baba ya shige da shi da sauri, yara suna riƙe da labule ta gefe. Aka kai shi ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon tsakar gida da barandar Hajiya. Auta ta rufe tagar, ta saki labule, ta ƙara da kwali don kada inuwa ta nuna. Kujerarsa kuwa aka jingina ta a bayan ƙofa aka ɗora mata buhun tsofaffin kaya.

Da farko abin ya zo kamar wasa. Baba yana magana ƙasa-ƙasa, yana kiran kansa fursunan alfarma. Yaran aka ja musu kunne, ba a cewa Kaka a tsakar gida, ba a cewa Kaka a makaranta, in an tambaya su huɗu ne. Ƙaramar ta tambaya ko ƙarya ba haramun ba ce, uwar ta ce ta rufe mata baki ta ci abinci. Da safe in za su fita Auta takan ajiye masa ruwa da fo da rediyo a gefen hannunsa mai aiki, ta ja ƙofa ta danna kwaɗo daga waje, don gidan da kowa ya fita dole a gan shi a kulle. Da rana ta roƙi mai shago ta zo a guje ta juya shi ta koma. Duk lokacin da ta danna kwaɗon nan sai ta ji kunya ta rufe ta, amma ba ta fasa dannawa ba.

Wanki ne ya zama bala'i. Mutumin da ba ya tashi da kansa yana ɓata zanin gado kusan kullum, ga rigunansa manya irin na tsofaffi da ba wanda zai ce na direba ne. Hajiya kuwa wuni take a baranda da rediyonta da tabaranta, igiyoyin shanya suna gabanta kamar allo. Mace mai ƙirga kuɗi ba ta ko motsa leɓe, za ta kasa ƙirga zanin gado? Sai Auta ta buga ƙusoshi a ɗakin Baba ta ɗaura igiya daga bango zuwa bango. Nan take shanya kayansa, a samansa, taga a rufe. A waje kuwa rana tana dukan igiyoyi da 'yan rigunan makaranta guda huɗu.

Damina ta sauka a kan haka. Zannuwan suka daina bushewa, na jiya yana ɗiga a kawo na yau. Bango ya fara gumi, fumfuna ta fito baƙa a kusurwa ta hau har bayan gado. Ɗakin ya ɗauki wani wari na sabulu da fitsari da danshi wanda turare ba ya kashewa, sai dai ya hau kansa. Katifar ma in aka danna ta sai a ji sanyi a tafin hannu. Auta tana gani, ba makauniya ba ce. Kullum tana cewa in rana ta fito za ta buɗe tagar ko na ɗan lokaci, kullum kuma in ta ɗaga gefen labule sai ta hango farin tabarau a baranda.

Baba ya fara tari. Ya koyi danna fuskarsa a matashi in ya taso masa, ya yi shi a ciki, jikinsa yana girgiza ba sauti. Ya rage muryar rediyo, daga baya ya daina kunnawa, ya ce batir yana tsada. Ya rage shan ruwa don kada ya cika fo kafin ta dawo. Tsiyar ma ta ƙare, don tsiya sai da wanda za a yi wa. Wata rana da yamma ya manta ya ɗaga murya ya kira ta, Auta, yadda ya saba kira tun tana yarinya. Ta shigo a fusace ta ce so yake a watsa musu kaya a titi? Ya dube ta ya ce ta yi haƙuri. Tun da take ba ta taɓa jin mahaifinta ya ba ta haƙuri ba, kuma ta tsani kanta a ranar.

Ta yi niyyar faɗa wa Hajiya, ba sau ɗaya ba. Akwai ranar da ta shirya maganar tun daga shago, ta je ta durƙusa a baranda ta gaishe ta. Hajiya ta amsa a daƙile, ta shiga ba ta labarin wani ɗan haya da ta taɓa kora saboda ya saka abokansa a ɗaki yana karɓar kuɗinsu a ɓoye. Ta ce ita duk duniya ba abin da ta tsana kamar a dube ta a yi mata ƙarya. Ta tsura wa Auta ido kamar mai jiran wani abu. Auta ta haɗiye abin da ta zo da shi, ta ce dama famfo ne ta ga kamar yana ɗiga.

Ta koma wurin Ba-Matsala. Ta same shi a bencinsa yana cika wa wasu sababbin aure kunne. Ya ja ta gefe ya ce ta yi haƙuri shekara ta zagayo, lokacin sabunta haya shi da kansa zai san yadda zai shigar da maganar. In ta fasa ƙwai yanzu, takarda ta ce huɗu, da hannunta ta sa, Hajiya tana da ikon tashinsu ta riƙe kuɗin ajiya, sauran na shekara kuma sai an yi shari'a. Ta ce tsohon ba shi da lafiya. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ba matsala.

Zazzaɓi ya biyo bayan tarin. Ta je kemis ta kwatanta ciwon ta ce na mijinta ne, aka haɗa mata ƙwayoyi. Suka ɗan yi aiki suka daina. Ta ce wa Baba asibiti za su, ya girgiza kai. Hanyar asibiti ta gaban baranda take bi, ya san haka kamar yadda ta sani. Ya ce a bari sai ranar da matar za ta fita. Suka zauna jiran ranar, ita da shi, kamar masu jiran mota. Ranar karɓar fansho ta zo da ruwan sama, Hajiya ta aika aka karɓo mata, ba ta motsa daga baranda ba. Mijin Auta yana can wata uwa duniya motarsa ta lalace. Auta ta kira yayyenta, babban ya ce a yi ta addu'a, ƙaramin wayarsa a kashe.

Washegari da safe, bayan yara sun tafi makaranta, ta shiga da ruwan wanka ta tarar numfashinsa yana fita kamar ana jan zarto a ɗanyen katako. Leɓɓansa sun yi toka. Ta kira shi ya buɗe ido bai gane ta ba. Ta sa hannu ta ƙarƙashinsa ta gwada ɗaga shi, ya rame ƙwarai amma ya fi ƙarfinta. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, jiƙaƙƙen zani yana taɓa mata wuya. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ta fita ko mayafi babu ta tsallaka tsakar gida ta tsaya gaban Hajiya, ta ce akwai maganar da take so ta faɗa.

"Tsohon ne?" in ji Hajiya. "Jikin ya tashi?"

Ba ta jira amsa ba. Ta miƙe da ciwon gwiwarta ta ɗauko makullin mota, ta leƙa get ta kira mai walda na tsallaken titi. Da suka shiga ɗakin Hajiya ta ja ta tsaya a bakin ƙofa. Ta kalli igiyoyin, ta kalli bangon, ta kalli kwalin da ke jikin taga. Mai walda ya ɗauki Baba kamar yaro ya kai shi kujerar baya. Auta ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta.

Ruwa ya ɗauke, rana ta fito, titi ya cika. Suka shiga cunkoso tun kafin babbar mahaɗa, motoci suna tafiya taku-taku. Auta ta fara ba da haƙuri, maganar tana fita a hargitse, ta ce ba halinta ba ne, ta ce wa'adi ne ya matse su. Hajiya ta katse ta, idonta a kan hanya. Ta ce tun makon da suka tare ta san yana nan, bango ɗaya ne tsakanin ɗakin da kicin ɗinta. Tana jin tarinsa, tana jin rediyonsa har ranar da ya daina.

"Dillali ya ce ba kya son tsoho mara lafiya," in ji Auta. "Ya ce wani ya taɓa mutu miki a sashen."

Hajiya ta juyo gaba ɗaya ta dube ta, har na baya ya danna mata hon.

"Wa ya mutu a gidana? Mijina ne kaɗai, a kan gadonsa, ni na yi jinyarsa shekaru ina juya shi da hannuna. Ni abin da na ce wa mutumin nan, a gaya mini yawan mutane saboda rabon kuɗin ruwa. Ko sunan tsoho bai taɓa kawo mini ba."

Ta mayar da kanta ga titi ta matsa gaba kaɗan. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Na ga kin toshe taga, kin sa kwaɗo, ko zaninsa ba kya fitarwa rana. Sai na ce to, irin 'ya'yan nan ne masu jin kunya a ga iyayensu a nakashe. Na ji haushinki ƙwarai, shi ya sa ko gaisuwarki ba na son amsawa. Sau nawa ina kallon inuwar gwabar nan ina cewa me zai hana ta fito da bawan Allah ya sha iska."

Auta ta dubi fuskar Baba a cinyarta. Tsakanin ƙofarta da barandar nan ba nisa, kullum sai ta wuce ta gaishe da matar, kuma tambaya ɗaya ce ba ta yi ba. Ta biya mutum kashi goma don ya yi magana a madadinta, shi kuma ya ga tambayar tana iya ɓata masa ciniki, sai ya amsa ta da kansa. Ba mugunta ce ta sa shi ba, ko tuna Baba ba ya yi. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Rana ta shigo ta gilashi ta sauka a fuskar Baba. Ya motsa, ya buɗe ido yana ƙifta su, don ya daɗe bai ga haske irin wannan ba. Idon ya yi yawo ya tsaya a kan matar da ke tuƙi. Ya tambaya da ƙyar wace ce. Auta ta sunkuya ta sa baki a kunnensa ta ce Hajiya ce mai gidansu, ta sani, ta ce ba komai, in sun dawo a ƙarƙashin gwaba zai riƙa zama. Ta faɗa ta sake faɗa, amma kalmar farko kaɗai ta shige shi. Ya yi ƙoƙarin ɗaga hannunsa mai aiki kamar mai gaisuwa.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ya ce. "Ni baƙo ne, yau zan tafi. Kada ki tashe su, sun biya shekara."

Hajiya ta ɗora hannu a kan hon ta danne shi ba ta ɗaga ba, motocin gaba kuwa ba inda za su matsa. Da suka isa ƙofar asibiti ma'aikata biyu suka turo gado da gudu. Ɗaya ya ɗora yatsu a wuyan Baba, ya ɗan jima, sannan ya ce wa ɗan'uwansa ya tura a hankali, ba sauran gaggawa, tsohon ya cika.